Muryar Yaya a Na'ura ta Tara

Faifan ajiya na kwamfuta arba'in da ɗaya, cikin akwatunan ƙarfe uku. Tsofaffin wayoyin hannu goma sha shida. Ƙwaƙwalwar injin fotokwafi guda biyu. Jaka ɗaya cike da katunan buɗe ƙofa. Na'urar amsa waya ɗaya, mai nauyin rabin buhun siminti. Fom mai shafi huɗu, biro biyu, almakashi ɗaya.

Abin da motar ta ɗauko ke nan, ban da mutum uku da suka matsu a gaba. Direba yana tuƙi, Lauya tana jikin taga da fom a cinyarta, Injiniya a tsakiya, giya tana bugun gwiwarsa duk sa'ad da aka canza. Sun baro tsohon ofis da minti ashirin, saura kamar talatin su isa wurin niƙa a bayan gari.

Kamfanin yana tashi ne daga ginin da ya shekara ashirin da biyu a ciki. Tebura da kujeru sun tafi sabon wuri tun jiya. Wannan kayan kuwa ba inda za su sai bakin inji. Inshorar lafiya kamfanin yake yi, kowane faifai yana ɗauke da sunayen mutane da cututtukan da wasunsu ko matansu ba su gaya wa ba. Gogewa ba ta isa, wanda ya san kan abin zai iya tono abin da aka goge. Sai an niƙe ƙarfen kansa.

Injiniya ne ya rubuta dokar kwashe kayan, shafi tara cur. Tun da ya dawo daga karatu a waje yake da wannan hali, ko ƙusa za a cire sai an rubuta. Mutum biyu za su raka kaya. Ba tsayawa a hanya. Ba a yanke hatimin akwati sai a gaban inji. Kowane abu sai an karanta lambarsa da ƙarfi, an amsa, kafin a jefa. Direba tun safe yake mita a kan maganar tsayawar, don bai karya kumallo ba. Ya ce shekararsa goma sha biyu yana jan motar kamfani, bai taɓa ganin an yi wa shara rakiya da lauya ba. Lauya ta ce ya yi haƙuri, in sun isa za ta roƙa masa faifai ɗaya ya tauna.

Suna cikin haka wayar Injiniya ta yi ƙara. Auta ce, ƙanwarsa, wadda take zaune da mahaifiyarsu.

"Yaya Ƙarami, me kuka yi wa wayar ofis?"

Ya ce an cire ta jiya da yamma, sabon layi sai Litinin, kuma me ya haɗa ta da wayar ofis ranar Asabar.

"Ba ni ba ce, Umma ce. Tun ƙarfe goma take kira. Sau shida. Ko ƙara ba ta yi."

"Me Umma take nema a ofis?"

Auta ta mayar masa da tambaya.

"Da gaske kake tambaya?"

"Ina kan aiki, Auta."

"Muryar Yaya Babba take kira ta ji. Duk Asabar, ƙarfe goma. Shekara biyar ke nan. Yanzu tana zaune da kan wayar a cinya, ta ƙi ajiyewa."

Ya ce zai kira ta, ya kashe.

Yaya Babba shi ne wansu. Ya riga Injiniya aiki a kamfanin, shi ne shugaban masu sauraron abokan hulɗa. Murya gare shi mai kauri, ba gaggawa, shi ya sa aka sa shi ya naɗi gaisuwar da na'ura take yi wa masu kira in ofis a rufe yake. Ciwon kwana uku ya ɗauke shi, lokacin Injiniya yana shekararsa ta ƙarshe a can nesa. Da ya dawo, an yi wata huɗu da binnewa, an raba tufafin, an mayar da ɗakin wurin ajiye kaya. Kamfanin ya ɗauke shi aiki. A makonsa na farko ya buga lambar ofis da yamma don gwada layi, ya ji kalma biyu na farko, ya ajiye. Bai sake ba. Da ya zo rubuta jerin kayan niƙa, ya rubuta: na'ura ta tara, amsa waya, a niƙa. Ko tsayawa bai yi ba, har ya ɗauki hakan a matsayin jarumtaka.

A gaban mota mai mutum uku ba a sirri. Direba ya rage rediyo. Lauya ta juyo ta dube shi ta saman tabarau. Ta girme shi da shekara goma sha biyar, tare suka fara aiki da wansa.

"Ba ka sani ba?"

"Ke kin sani?"

Ta ce duk wani tsohon ma'aikaci ya sani. Anti mai amsa waya tana ganin lambar gidan su Injiniya kowace Litinin in ta zo. Da aka fara maganar tashi, Anti ta tambaye ta ko a tuna masa, ita Lauya ce ta ce a bari. Uwarsa ce, wansa ne, kuma na'urar a hannunsa take, wa zai yi zaton bai ciro muryar ba? Sun ɗauka kawaici ne ya hana shi magana.

"Kai kuma fuskarka ba ta barin a tambaye ka komai," in ji ta.

Ya tuna sanarwarsa. Mako biyu da suka wuce ya aika sanarwa, duk mai wani abu nasa na kansa a cikin na'urorin kamfani ya kwashe kafin Juma'a. Ya maimaita ta sau uku, har da jan layi. Ta je wa kowane ma'aikaci. Umma ba ma'aikaciya ba ce.

Motar ta hau gada, ta gangara cikin layin masu walda da masu sayar da taya. Yana kallon hanya, amma ɗakin Umma yake gani. Kowace Lahadi yakan je ya zauna minti ashirin. Takan tambaye shi ko ya ci abinci, ko ya gyara famfon gidansa, sai ta mayar da idonta kan talabijin. Shi kuma ya duba waya. Ya ɗauka shiru ne ya kama ta tun bayan rasuwar, kamar yadda ciwon gwiwa yake kama wasu. Ashe tana da ranar da take jira, ba Lahadi ba ce.

Direba ya ce in ana so ya juya, ga shataletale nan gaba.

"Dokar ta ce kayan da suka fito ba sa komawa," in ji Injiniya.

"Na karanta ta," in ji Lauya. "Ni na gyara maka waƙafinta."

Ta buɗe shafi na uku da ɗan yatsa. Ta ce dokar ta hana yanke hatimi kafin a isa gaban inji, amma ba ta ce komai a kan jona abu da wuta a gaban inji ba. Gaisuwar kuma ba sirrin kowa ba ce, duk wanda ya taɓa kiran ofis da yamma ya ji ta. Zai iya ɗauka, ita kuma za ta rubuta a fom cewa an ɗauka. Iyakarta ke nan. Saƙonnin da marasa lafiya suka bari suna cikin na'urar, ba wanda zai taɓa su.

Ya ce ya sani.

"Na san ka sani. Faɗa nake yi don Direba ya zama shaida."

Direba ya ce shi shaidar mai jin yunwa ba ta karɓuwa.

Wurin niƙa rumfa ce babba mai rufin kwano, a ƙarshen wani layi marar kwalta. A gefe ɗaya an tara gawarwakin kwamfutoci har kusan rufi, a ɗaya gefen buhunan ɓarɓashin ƙarfe. Injin yana tsakiya, girmansa ya kai ƙaramin ɗaki, da ƙofar ƙarfe daidai ƙugu. Mai niƙa gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, da abin toshe kunne rataye a wuya. Ya duba hatimin kowane akwati, ya gwada lambarsa da ta fom, sannan ya ce Lauya ta sa almakashinta ta yanke.

Suka fara. Injiniya ya ɗauki faifai ya karanta lamba, Lauya ta maimaita ta ja layi, mai niƙa ya karɓa ya jefa ya tura ƙofa. Injin ya yi gurnani, ya yi ƙaras-ƙaras kamar ana tauna tsakuwa, ɓarɓashi ya zubo ta ƙasa. Arba'in da ɗaya suka yi haka. Sai wayoyin hannu, sai ƙwaƙwalwar fotokwafi, sai katuna. Sau biyu Injiniya ya karanta lamba ba daidai ba, Lauya ta gyara masa ba tare da ta ɗaga kai ba. Bai taɓa kuskuren lamba a gabanta ba sai yau.

Ya rage na'ura ta tara. Injiniya da Direba suka ɗora ta a kan teburin gwaji da ke jikin bango, inda akwai allon kwamfuta da ƙaramar lasifika. Mai niƙa ya ce irin waɗannan tsofaffin ba sa son a ɗaga su daga inda suka saba. Ya ga da yawa da suka shekara goma sha biyar suna aiki ba hutu, ranar da aka kashe su aka ɗauko, ba su sake farkawa ba.

Injiniya ya jona wuta ya danna. Ba abin da ya faru. Ya cire, ya hure bakin wayar wutar, ya sake jonawa. Fanka ta yi tari, ta feso ƙura a rigarsa, ta kama juyawa. Allon ya daɗe baƙi. Ya tsaya da hannu biyu a kan tebur. Can sai rubutu ya fara fitowa, layi bayan layi.

Ya nemo gaisuwar. Ya kunna naɗar murya a wayarsa, ya kara ta da lasifika, ya danna.

"Sannunku da kira. Yanzu ofishinmu a rufe yake. Muna buɗewa Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe takwas zuwa huɗu. In kuna da saƙo, ku bari bayan kun ji ƙarar. Za mu neme ku."

Daƙiƙa goma sha tara. Ya ɗauka zai ji muryar kamar daga nesa, sai ya ji ta a nan, a gefen kafaɗarsa, inda Yaya yakan tsaya in yana koya masa ɗaura taye a wuya. Kafin kalmomin ƙarshe akwai wani ɗan numfashi, irin na mai danne dariya. Lauya ta ce sau bakwai aka naɗa a ranar, don Anti tana tsaye a bakin ƙofa tana yi masa gwalo. Direba ya yi wa mamacin addu'a a hankali, ya fita waje.

Wata babbar mota ta wuce a lokacin naɗar farko, don haka ya sake. Ya saurara, ta fito tsaf. Lauya ta rubuta a shafi na huɗu, ta karanta masa: "An kunna na'ura ta tara, an ɗauki gaisuwar kamfani. Ba a buɗe saƙon kowa ba."

Ya kai hannu zai kashe, sai idonsa ya faɗa kan jerin akwatunan saƙo a gefen allon. Kowane ma'aikaci da nasa. Can ƙasa akwai ɗaya da sunan wansa, da lamba a gabansa: ɗari biyu da sittin da uku. Ya buɗe jerin, ba saƙon ba. Kwanan wata, lambar mai kira, tsawon magana. Duk Asabar ne, duk lambar gidansu ce.

"Tana magana," ya ce.

Lauya ta matso ta duba. Ta ce e, tana magana. Litinin ɗin da aka fara samun saƙon, Anti ta kunna, ta ji an ce "Babba, ni ce," ta kashe. Tun daga nan duk Litinin takan tura saƙon akwatinsa ba tare da ta saurara ba. Ba wanda ya taɓa ji.

Ya ja jerin ƙasa. Wasu daƙiƙa takwas ne, wasu minti ɗaya, wasu minti huɗu, iyakar abin da na'urar take karɓa kafin ta yanke. Ba da niyya ba ya tsinci kansa yana neman wani kwanan wata. Ya samu. Asabar ɗin da ta biyo ranar da ya dawo ƙasar, Umma ta kira sau uku a jere, kowanne minti huɗu cif. Ya tuna wannan makon. Ta tarbe shi a bakin ƙofa, ta ce ya rame, ta ce a kai masa ruwan wanka. Bai tuna ta ƙara wata magana ba. Ga minti goma sha biyu nan, a ƙarƙashin yatsansa.

"Umma ba abokiyar hulɗar kamfani ba ce," in ji Lauya. "Doka ba ta hana ka ba. Amma in ka buɗe, zan soke layin nan na fom in rubuta gaskiya. Ban sa hannu ba tukuna."

Ta koma ta zauna a kan wani akwati, ta ba shi baya.

Ya daɗe a tsaye. Wataƙila cewa Umma ta yi ƙaninka ya dawo, ya yi kama da kai. Wataƙila cewa ta yi ya zo a makare, ban san me zan ce masa ba. Ko dai ƙarar famfo ta kai, da ciwon gwiwa, shi bai ma shiga ba. Ko wanne ne yana so ya ji. Shekara biyar yana zama a gabanta yana jiran ta buɗe baki ta yi masa magana mai tsawon minti huɗu. Zai iya kwafe su duka cikin ƙiftawar ido, ya tafi da su gida, ya riƙa jin ɗaya kowace rana har wata tara.

Amma Babba ta ce. Da bakinta ta faɗi wanda take nema.

Ya zare wayar wutar daga bango. Fanka ta yi ta juyawa ita kaɗai, ta tsaya. Ya karɓi sukundireba a hannun mai niƙa, ya kwance murfin, ya ciro faifan. Da ɗumi a jikinsa. Ya karanta lambar da ƙarfi, Lauya ta maimaita, ta ja layi. Mai niƙa ya jefa ya tura ƙofa. Ƙararsa ba ta bambanta da ta sauran ba.

Suka sa hannu su uku. A hanyar dawowa Lauya ta ce yanzu doka ta ƙare, Direba ya tsaya inda yake so. Ya tsaya a wata rumfar shayi, ya ci kamar mai ramuwa. Injiniya bai sauka ba.

La'asar ta yi kafin ya isa gidan Umma. Auta ta tarbe shi a tsakar gida, ta nuna masa ɗakin da haɓa. Umma tana zaune a bakin gado, an ja labule rabi. Wayar gida tana kan ƙaramin tebur, ta mayar da kan wayar mazauninsa. Ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Ya ce mata ofis ya tashi, an niƙe tsohuwar na'urar, bai san tana kira ba sai yau. Bai ba da haƙuri ba, don bai san ta inda zai fara ba. Ya ciro wayarsa ya kunna.

Ta saurara da kai a sunkuye. Da ta ƙare ta ce ya sake, ya sake. Ta miƙa hannu ta karɓi wayar, ta juya ta, ta mayar masa.

"Shi ne," ta ce. "Amma can sai ta yi ƙara uku kafin ya ɗauka."

Ya ce zai iya haɗa mata wani layi, ya ɗora muryar, ta yi ƙara uku kamar da.

"Abin da nake gaya masa fa? Wani ya ji?"

"Ba wanda ya ji."

"Ko kai?"

"Ko ni."

Ta ɗago ta dube shi, kallo mai tsawo, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Ya nemi sauƙi a fuskarta bai gani ba, ya nemi fushi bai gani ba. Ta gyara mayafinta.

"To," ta ce. "Ja mini ƙofar."

Ya tashi ya fita, ya ja ƙofar har ta kama. Auta tana tsaye a jikin bango da hannu a ƙirji. Ta tambaye shi a hankali yaushe zai haɗa layin.

"Ba zan haɗa ba," ya ce. "Asabar ƙarfe goma ina nan. In ta yi magana, ta yi. In ba ta yi ba, in zauna."